Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Abba, A Kan Anini Da Kuɗin Da Ya Watsa A Kasuwa

Agege, Legas

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka da abokan aikinka na shago. Mu nan gida sai godiyar Allah. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma makarantar Islamiyya da yamma.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali daga Agege zuwa Ikeja ba nisa ba ne. Kai ɗan fari ne, ka kuma san yadda muke da kai. In ka zauna a gabana kanka a sunkuye yake, ba na jin komai daga bakinka sai "to Baba", ni ma nauyi ba ya barina in faɗi rabin abin da ke cikina. Wannan magana kuwa ba ta son a faɗi rabinta. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta kai kaɗai, in ka ga dama ka maimaita.

Abu biyu ne suka hana ni sukuni. Na farko, daren da ka kwana a gida na jiyo ku a ƙofar gida kai da abokanka, kuna kallon labarin Lawrence Anini, ɗan fashin nan na Benin, a waya. Na ji muryarka sarai kana cewa shi gwarzon talakawa ne, ƙasa ce ta zalunce shi, da za a sami irinsa goma yau da kowa ya shiga taitayinsa. Na biyu, sabuwar wayar da na gani a hannunka. Na san abin da mai gyaran waya yake samu a wata, na tambayi kuɗin irinta, na kuma san wanda ya ba ka. Ba zan sa sunansa a takarda ba, ni da kai duk mun san shi. Kai kana ganin waɗannan abubuwa biyu ba su haɗa hanya ba. Ni a wurina magana ɗaya ce.

Bari in fara da Anini, domin kai a waya ka san shi, ni kuwa tsarana ne. A 1986 ina yaron mota a wata tirela da ke ɗaukar kaya daga Apapa zuwa Anacha. Hanyarmu Shagamu, Ore, Benin, sannan Asaba mu haye gada. Ba yadda za a yi mu kauce wa Benin, kuma daga watan Agusta zuwa Disamba na wannan shekara garin ba shi da wata hira sai tasa. A lokacin jihar Bendel ake ce mata, sai a 1991 aka raba ta gida biyu, Edo da Delta. Yaron ƙauye ne da ya shigo birni yana ƙarami, ya koyi tuƙi, ya ja tasi, ya zama wanda ake jin maganarsa a tasha. Daga nan ya fara ja wa 'yan fashi mota, domin kowa ya shaide shi da iya sitiyari, har ya kafa tasa ƙungiyar shi da Monday Osunbor. Suna fasa bankuna, suna ƙwace motoci, suna buɗe wa 'yan sanda wuta a shingen bincike. Ranar 1 ga Oktoba, ranar bikin samun 'yancin kai, suka yi wa kwamishinan 'yan sandan jihar, Casmir Akagbosu, ruwan harsashi, ya tsira da rauni. Abin ya kai har shugaban ƙasa Janar Ibrahim Babangida, bayan wani taron majalisar mulkin soja, ya dubi sufeto janar Etim Inyang ya tambaye shi ina Anini. A cikin watan ne kuma aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin da aka aika masa a ƙunshin wasiƙa, a gidansa da ke Ikeja, nan kusa da inda kake aiki. Ka ga irin zaman ɗarɗar da ake ciki.

In mun yada zango a Benin, wurin mai shayi ba irin labarin da ba ka ji. Wannan ya ce yana da layar zana, in an ritsa shi sai ya ɓace. Wancan ya ce harsashi ba ya cinsa. Wani ya rantse da idonsa ya ga an kewaye gidan da yake ciki, aka shiga ba kowa. Amma labarin da ya fi shiga zukata shi ne na kuɗi. In sun gama fashi suna gudu, sai ya riƙa watso takardun naira ta tagar mota, matan kasuwa da yara suna wawa. Wannan shi ne ya rage a bakin mutane, ya yi ta tafiya shekara kusan 40 har ya iso wayarka.

Ba zan ce maka duk abin da ka faɗa a daren nan ba shi da tushe ba. Yana da shi. Jaridu sun buga wata wasiƙa da aka ce daga wurinsa ta fito, ɗauke da sharuɗɗan da ya gindaya kafin a zauna lafiya. A ciki har da cewa masu sintirin kan hanya su daina karɓar kwabo 50 zuwa naira 5 a hannun direbobi, a kuma daina takura wa matan kasuwa. Abba, irin wannan kwabo 50 ɗin ni nake sauka in miƙa, aikin yaron mota ne. Daga Shagamu zuwa Asaba ka miƙa ka miƙa har ka gaji, in ka ce babu a ajiye ku a rana, kaya na jira, mai kaya na jira, kuɗin abincinku ne yake tafiya. A shekarar ce kuma aka shigo da tsarin SAP, wato shirin gwamnati na yi wa tattalin arziki garambawul. Naira da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗo, dala ɗaya ta koma wajen naira 4, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya ji an sami wani wanda ya sa masu tatsarsa suna barin shinge suna ɓuya, dole wani abu ya yi masa sanyi a rai. Na ga dattawan direbobi masu salla da azumi suna murmushi in an ambaci sunansa. Ban zarge su ba, na san abin da ya kai su.

Da aka kama shi kuma, gaskiyar da ta fito ta fi wadda ake zato muni. Ya faɗa da bakinsa cewa wani babban jami'in 'yan sanda, DSP George Iyamu, shi ke ba su bindigogi da harsasai, shi ke tsegunta musu sirrin hukuma, ana ba shi kasonsa. Kotu ta sami Iyamu da laifi, shi ma aka harbe shi. Ko gabar da Anini ya ɗaura da 'yan sanda, abin da aka ruwaito shi ne sun biya kuɗi don a ɓatar da shaidar da ke kan wasu abokan fashinsu biyu, aka ci kuɗin, aka kuma bari hukunci ya hau kansu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Sai dai ka lura da abin da wannan ya tona. Mutumin da kake cewa ya tsaya wa talaka, da bindigar ɗan sanda yake aiki, kuma rigimarsa da su rigimar abokan ciniki ce da suka ɓata a wajen alkawari. Maganar direbobi da matan kasuwa daga baya ta shigo, lokacin da yake bukatar gari ya goya masa baya.

Yanzu ina so ka yi wani lissafi da masu haɗa bidiyon nan ba sa yi, domin su kallo suke nema, sun san kiɗa da hoton bindiga sun fi kukan gwauruwa jan ido. Kuɗin da ya watsa, na wa ne? Bankin da aka fasa akwai mai gadi a ƙofarsa, akwai yarinyar da ke ƙirga kuɗi a kanta, akwai ɗan kasuwar da ya zo ajiya. Motar da suka gudu a ciki, wani ne ya yi shekaru yana tara kuɗinta. 'Yan sandan da aka harbe a shinge ba su Iyamu ba ne. Ƙananan kurata ne masu kwana a ɗaki ɗaya a bariki da mata da 'ya'ya, irin waɗanda talauci ya koro daga ƙauye kamar yadda ya koro shi. A watan Satumba suka ƙwace motar wani mataimakin sufeto janar, Christopher Omeben. Shi mai muƙamin ba abin da ya same shi, direbansa suka tafi da shi suka kashe. Direba, Abba, ɗan'uwansa a sana'a, irin wanda ya ce yana yi wa faɗa. A cikin waɗanda suka kashe har da likita. Wace gaba ce tsakanin likita da talaka? Matar da ta tsinci naira 20 a ƙasa ta yi cefanen 'yan kwanaki ya ƙare. Matar kurtu ta rasa miji, ta rasa ɗakin bariki, ta koma gidan iyayenta da marayu.

Talakan Benin ya kuma biya ta wata hanyar da ba a sa ta a labari. Magariba na yi kowa ya rufe, mai tasi ya ajiye mota, mai sayar da abincin dare ta zauna a gida. Samarin da ba su ji ba ba su gani ba ana kwashe su a kame. Mu kanmu mukan gwammace mu kwana a Ore don kada dare ya riske mu a garin.

Ka san labarin maigidana da ya koya mini mota, wanda hotonsa ke cikin akwatina. Ba yaran Anini ne suka kashe shi ba, wasu ne daban, shekaru bayan haka, a dajin da ke tsakanin Ore da Benin. 'Yan kwanta-kwanta suka tare hanya da dare, suka kwantar da mu a kan kwalta. Ya ba su duk abin da ke jikinsa bai yi musu gardama ba, suka harbe shi don ya ɗaga kai. Ni na kai labari gidansa. Na tarar da matarsa a tsakar gida tana tankaɗe. Da ta gan ni ni kaɗai da hularsa a hannu ba ta tambaye ni komai ba, ta ajiye rariya ta zauna a ƙasa. Babban ɗansa, yaro mai ƙoƙari, ya bar makaranta ya shiga turin baro a Mile 12 don ƙannensa su ci. Ba na shakka waɗanda suka harbe shi sun koma unguwarsu da safe sun yi kyauta, an yi musu kirari, wata tsohuwa ta sa musu albarka. A can su ma gwaraza ne. Tun daga ranar, duk sanda na ji an ce ɗan fashi wane mai kyauta ne, tsakar gidan nan nake gani.

Ba na cewa babu ɗigon tausayi a zuciyar mai irin wannan kyauta, zuciya Allah ne Ya san ta. Amma kyautar aiki take yi masa. Kuɗin da aka watsa a titi yana tara jama'a su toshe hanya, motar da ke bin sa ta kasa wucewa. Unguwar da ta ci kuɗinsa, in an zo tambaya ba wanda ya ga komai. Yaron da aka saya wa takalmi yau shi ne ɗan leƙen asirin gobe. Haka abin yake ko'ina. Mutumin nan na Kolombiya da nake ganin fuskarsa a rigunan gwanjo na Katangowa, Pablo Escobar, ya gina wa marasa galihu unguwa guda a birnin Medellin, da filayen ƙwallo. Mutanensa ne kuma suka dasa bam a jirgin fasinja a Nuwamban 1989, mutum 107 da ke ciki ba wanda ya fita. A Disamban 1993 aka harbe shi a kan rufin gida yana gudu ba ko takalmi. Ba sai ma mun je nesa ba. Yau 'yan bindigar daji suna fitowa a TikTok suna baza kuɗi, samarinmu suna tura musu lambar asusu suna roƙo. Kuɗin fansa ne, na mutumin da ya sayar da gonarsa da shanunsa don ya karɓo 'yarsa. Buharin Daji, shugaban 'yan bindigar da aka yi ta yi wa kirari a Zamfara, har gwamnati ta zauna sulhu da shi, a Maris ɗin 2018 na hannun damansa, Dogo Gide, shi ya kashe shi. Evans mai garkuwa da mutane da aka kama a Magodo a Yunin 2017, kana da wayo lokacin, ka ga yadda wasu suka riƙa roƙon a sake shi don matarsa da 'ya'yansa sun ba su tausayi, suka manta da mutanen da ya tsare wata da watanni a ɗaki sai an biya har dala miliyan. A 2022 kotu a Ikeja ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Mu Hausawa ma ba baƙi ba ne ga wannan hali. An yi makaɗi a ƙasar Kabi da ya yi suna da waƙar ɓarayi, a zamaninmu da wuya ka shiga tashar da ba a sa kaset ɗinsa, ana jin daɗin yadda yake zuga su. Kafin ya rasu ya tuba ya bar ta. Kunne yana son labarin mai taurin kai, shi kuwa wanda aka kwance wa jaki cikin dare ba mai yi masa waƙa.

Legas ɗin nan ma tana da nata. Dattawan Obalende da na tarar lokacin da na zo Ikko sun ba ni labarin Ishola Oyenusi, wanda ake kira Dokta ko da yake bai yi karatun likita ba. Bayan yaƙin basasa bindigogi sun yi yawa a hannun mutane, gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar soja a 1970 cewa fashi da makami hukuncinsa kisa. Oyenusi da mutanensa suka yi fashi a kamfanin WAHUM da ke Ikeja a 1971, suka kwashe fam 28,000, suka kashe ɗan sanda. Ranar 8 ga Satumba 1971 aka ɗaure shi a turke a bakin tekun Bar Beach aka harbe shi, mutane wajen 30,000 suka taru kallo. Abin da dattawan nan suka fi riƙewa shi ne ya yi murmushi. Shekara da shekaru ana zancen murmushin nan, ban taɓa jin wanda ya kawo zancen iyalin ɗan sandan ba. Ni dai ban ga alheri a mayar da kisan ɗan Adam wasan kallo ba, ko da mai laifi ne. Bai kuma hana komai ba, domin ranar da aka harbe Oyenusi, Anini yana yaro ɗan shekara 11 ko makamancin haka. Wurin ma yanzu babu shi, an cike teku an kafa Eko Atlantic a kai.

Ranar 3 ga Disamba 1986, bayan Muhammadu Gambo Jimeta ya karɓi kujerar sufeto janar, 'yan sanda ƙarƙashin Kayode Uanreroro suka ritsa Anini a wani gida a cikin Benin. Bai ɓace ba. Harsashi ya ci shi a ƙafa, har sai da aka yanke ta a asibitin soja. Da aka nuna shi a talabijin mun taru a shagon wani mai gyaran rediyo a Ijora muna kallo, wuri ya yi tsit. Wanda ake cewa iska ne, sai ga saurayi da ƙafa ɗaya, yana magana da Turancin buroka, yana ambaton sunayen abokansa ɗaya bayan ɗaya. Shekararsa 26. Kotun mai shari'a James Omo-Agege ta yanke masa hukuncin kisa, aka harbe shi ranar 29 ga Maris 1987.

Wallahi Abba, na ji tausayinsa a ranar, har yau kuma ina ji. Ni da shi ta ƙofa ɗaya muka shigo duniya: ƙauye, talauci, tasha, sitiyari. Na san rayuwar tasha, na san yadda yaro mai zuciya yake kwana da yunwa yana kallon waɗanda ba su kai shi ƙoƙari ba suna wucewa a cikin sanyin mota. Yaro ne mai kaifin kai, mai iya jan mutane. Da ya faɗa hannun ubangida nagari kamar yadda Allah Ya jefa ni hannun maigidana, da wataƙila yau dattijo ne mai motocin haya, jikoki na hawa jikinsa. Sai ya faɗa hannun waɗanda suka ga baiwarsa suka ɗora mata bindiga. Wata huɗu ya yi yana tashe, ya biya da ƙafarsa, ya biya da ransa, ya tafi da haƙƙin rayukan da ba zai iya mayarwa ba. Asara ce ga uwarsa, asara ce ga ƙasa. In wannan kake nufi da ka ce labarinsa abin kuka ne, ina tare da kai. Inda muka rabu shi ne, kai tausayin ya zarce da kai zuwa sha'awa. Na ji ta a muryarka, kuma na san muryar nan, na sha jin ta a bakin samarin tasha waɗanda yau babu su.

Malamai sun karantar da mu cewa Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓa sai mai tsarki. Abin da aka bayar daga kuɗin fashi ba ya zama sadaka ko da an ciyar da gari guda. A Suratul Ma'ida, aya ta 33, an sa masu tare hanya cikin masu yaƙi da Allah da ManzonSa, hukuncinsu kuma yana daga mafi tsanani. Ayar da ke bi mata ta buɗe ƙofa ga wanda ya tuba kafin a kama shi, don haka ni ba na yanke wa kowa makoma, ba hurumina ba ne. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne hadisin nan na matsiyaci, wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani. A yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare, sannan a ɗebo zunubansu a jibga masa. Haƙƙin wanda aka ƙwace wa ba ya faɗuwa don an raba wa wasu daban.

To, mu zo kan wayar. Mutumin nan na san yana biya wa marayu kuɗin makaranta, na san ya saya wa masallacin layinsu janareta, na san da azumi a gidansa ake dama kunu a raba. Na kuma san yaran da ke kwana a ƙofarsa, na san abin da suke yi da dare a cikin cunkoson motoci, da abin da suke yi lokacin zaɓe. Kai ma ka sani. Ka tambayi kanka, a duk samarin unguwa me ya sa kai ya zaɓa? Hannunka yake so. Kai ka iya buɗe wayar da aka kulle, ka iya goge abin da ke cikinta. Yau ya ba ka waya, gobe zai ce zai kama maka shago naka na kanka. Jibi yaro zai zo da wayoyi a leda ya ce Oga ya ce a wanke su, ba kwali ba rasit. A ranar ba za ka iya cewa a'a ba, domin ka riga ka ci. Kowace waya a cikin ledar nan akwai wanda aka nuna wa wuƙa kafin a karɓe ta, wata ma akwai jini a bayanta. Kai ka fi ni sanin kowace waya tana da lambar da ake bin sawunta da ita. Ranar da aka biyo sawu, teburin da aka goge ta za a zo. Ba gidansa za a je ba, shi yana da lauya, yana da manyan da yake gaisarwa. Kai za a kai ofishin 'yan sanda na Panti, daga nan kurkukun Ikoyi ko Kirikiri, jiran shari'a kaɗai sai ya ci maka shekaru. Anini ma bai fara da harbi ba, mota kawai aka ce ya ja.

Ka kuma tuna, ko da a Agege aka haife ka, har gobe akwai masu yi mana kallon baƙi. Magabatanmu sun zauna a nan tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, abin da ya zaunar da su lafiya kuwa amana ce, har Bayarabe yakan ba Bahaushe ajiyar kuɗi ba takarda ba shaida. In ɗan wani ya yi laifi a ce wane ya yi, in namu ya yi a ce Hausawa sun yi. Wanda ya ga rikicin Idi-Araba a Fabrairun 2002 ko na Mile 12 a Maris ɗin 2016 ya san yadda ƙaramar magana take girma kafin dare, kuma mai shayi da mai gyaran takalmi ne suke fara biya.

Fushin da kake ji game da zalunci, ba na so ya mutu a zuciyarka. Ɗan da ba ya jin zafin zalunci ba zan yi alfahari da shi ba. Amma ka duba waɗanda suka ɗauki irin wannan fushi suka kai shi wani wuri. Malam Aminu Kano ya yi shekaru yana faɗa da haraji da jangali da danniyar masu sarauta, an ɗaure mabiyansa, an yi musu bulala, bai ɗauki bindiga ba. A 1979 gwamnatocin jam'iyyarsa ta PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Daga shekarar kakanka ya daina kwana a gona in masu karɓar haraji sun shigo gari. Malam ya rasu a Afrilun 1983 bai bar dukiya ba. Nan Legas, lauya Gani Fawehinmi ya sha shiga kurkuku a hannun sojoji saboda shari'ar marasa gata, ya yi ta bin kadin jinin Dele Giwa, yana kuma biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin karatu daga guminsa har ya rasu a 2009. Shi kuwa kwabo 50 ɗin da Anini ya ce a daina karɓa, ka tambayi duk direban da ke bin hanyar Ore ko an daina.

Ga abin da nake so ka yi. Ka mayar masa da wayarsa. Ba da faɗa ba, ba da baƙar magana ba, irinsu ba a kunyata su a gaban yaransu. Ka je da rana, ka gaishe shi da ladabi, ka ce mahaifinka ne ya hana, ka ɗora komai a kaina. In kana jin nauyin zuwa kai kaɗai, ka zo ranar Juma'a mu yi salla tare, in an sauko mu biya ta can da ni da kawunka. Ya san ni, ya san ba na neman komai a wurinsa. In ya matsa, akwai fadar Sarkin Hausawa, can za mu kai magana.

Maganar shago kuma, ɗaukar adashina wata mai zuwa ce. Na yi shawara da mahaifiyarka mun yarda kai za a ba, ta ce za ta ƙara da kuɗin tunkiyarta. Ba zai kama shago a kasuwar waya ta Computer Village ba, amma zai kama teburi da kayan aiki naka na kanka. Daga yau kuma duk wayar da aka kawo maka a buɗe ko a goge, ka nemi kwali ko rasit, ka rubuta sunan mai ita da lambarsa a littafi. Wanda ya ƙi, ka miƙa masa abarsa.

In ka gama karantawa ka kira ni, ko ba za ka ce komai ba sai "na gani". Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka taho da rigar nan da ta ɓarke a ɗinke maka. Ƙannenka duk suna gaisuwa. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ciyar da kai halal.

Mahaifinka.